HANCIN MOTAR KALILU

Shafi na 31

Masu damuna da tambayar abin da ya kashe mota a tsakiyar ƙorama, ku gyara zama. Ni kaina da na zo kan shafin nan sai da na ajiye waya na je na kuskure baki.

*

Tsahara ba rigima ta fito nema ba. Bargon mahaifinta ta fito nema.

Tun da aka kai Malam Sule makwancinsa gidansu na Jibiya yake cike da masu ta'aziyya. Ita ce babbar 'ya, komai a kanta yake, daga tuwon baƙi har ruwan alwala. Da hantsin nan mahaifiyarsu Inna Delu ta ce a tattara tufafin marigayi a wanke a bayar sadaka. Aka nemi bargonsa sama da ƙasa aka rasa. Sai Tsahara ta tuna da shi ta lulluɓe shi ranar da suka ɗauke shi a motar ƙanenta Kalilu, a cikin motar kuma aka bar shi.

Ranar nan ba za ta taɓa fita daga ranta ba. Ciwon ciki ne ya murɗe tsohon, malamin asibitin Jibiya ya duba ya ce hanji ne ya ƙulle, sai an yi aiki a Katsina, kada a tsaya jiran komai. Kalilu shigowarsa ke nan daga Maraɗi, ko injin bai huce ba. Aka kwantar da Malam Sule a baya, kansa a cinyar Tsahara. Ba su yi nisa ba Kalilu ya sauka daga kwalta ya kama wata hanyar shanu, ya ce ruwan sama ya karya kwalbati a gaba, ta nan ne yanke. A wata ƙorama da ruwanta bai wuce gwiwa ba, wadda jakuna ke ratsawa da kaya a bayansu, motar ta yi tari sau ɗaya ta mutu. Kafin a samo amalanke Malam Sule ya cika.

Tun daga nan duk wanda ya zo gaisuwa sai Kalilu ya share hawaye ya ce Turawa sun cuce shi, sun sayar masa da mota mai kyan ɗan maciji.

Mutane sun yarda, don babu wanda bai san motar ba. A daminar 1978 kuɗin mai sun cika ƙasa da motoci, amma irin ta Kalilu ita kaɗai ce daga Jibiya har Magama. Baƙa ce wuluk, mai turbo, wata 'yar fanka da ke cusa wa inji iska har ya riƙa gudu kamar an kore shi. In ta taso daga shingen iyaka, tun kafin a gan ta ake jin fito, wani siririn kuka kamar na shirwa. Samari sukan bar shayinsu su fito kallo.

A tasha har gardama ake yi a kanta. An san Kalilu ya sayo wani sabon hancin shaƙar iska a Maraɗi, a kantin da Turawa masu tseren hamada ke sayen kayan mota. Samari suna cewa akwatin iskar da kamfani ya sa mata shaƙe ta yake kamar mai mura, sai yanzu ta sami numfashi. Tsofaffin direbobi suna cewa waɗanda suka ƙera mota ba wawaye ba ne, inda suka ajiye abu da dalili suka ajiye. Tsahara takan ji wannan a bakin mijinta Ɗantala, wanda shi ne makanikin da ke duba motar, amma ba ta taɓa sa shi a ka ba. A wurinta hirar maza ce, kamar dambe da farashin taki.

Garejin Ɗantala yana bakin hanyar Magama, daga ƙofarsa ana hango sandar kwastan da layin manyan motocin Maraɗi da ke jiran a buɗe musu. Can aka jawo motar bayan rasuwar. Da safe Ɗantala ya ce mata akwai wata babbar mota da mai ita ya matsa masa, zai leƙa ya dawo. Kalilu kuma ya ce zai je Riko ya gaida dangin mahaifinsu da ba su iya zuwa ba.

Da Tsahara ta isa garejin, ta tarar da ƙofar kwano a rufe ta ciki.

Ba ta buga ba. Ta zaga ta baya, ta ɓangaren da takan shigo in ta kawo masa abinci, inda katanga ta ɗan zube.

Wari ne ya fara tarbarta. Ba warin baƙin mai ba, wannan ta saba da shi. Wani ɗaci ne mai kama maƙogwaro, kamar an jiƙa magani a ruwan kwata an bar shi a rana.

Sai ta ga bargon.

An shimfiɗa shi a ƙasa a tsakiyar fili, inda rana ta fi bugawa. A kansa an baje wasu ƙananan ƙwayoyi farare, dubbai, wasu sun kumbura, wasu sun narke sun zama kamar ƙullun koko. Kalilu yana tsugune a gefe da farar rigar da yake karɓar gaisuwa da ita, ya naɗe hannayenta, yana ware masu kyau da cokali yana zubawa a kwano. Ɗantala yana zaune a kan taya, wani baƙin akwatin roba a tsakanin ƙafafunsa, yana kankare abin da ya manne a ciki.

Ba wanda ya ji shigowarta sai da inuwarta ta faɗa kan bargon.

Kalilu ya ɗago. Cokalin ya suɓuce masa.

"Yaya."

"Nan ne Riko?"

Ɗantala ya miƙe da sauri yana goge hannu a wando, ya fara tambayarta yadda aka yi ta baro gida da mutane, wa ta bar wa tukunya. Ba ta ko dube shi ba. Ta nuna bargon da yatsa.

"Mene ne wannan?"

Kalilu ya ce wani sinadari ne na wanke inji, Ɗantala ne ya ce a shanya.

Da wata ce ƙila da ta yarda. Amma Tsahara ta yi shekaru tana kai man gyaɗa kasuwar Maraɗi, ta san ƙwayar nan. Ita ce 'yan dako ke haɗiya su yini suna ɗaukar buhu ba su ji ba, ita ce direbobi ke sha su yi ta tuƙi har idonsu ya bushe. Ita ce ta haukata ɗan Hajjo maƙwabciyarsu, saurayi kamar doki, wanda yanzu yake ɗaure a mari yana cin ƙasa. Tsahara da hannunta takan kai wa Hajjo fura, ta zauna ta taya ta kuka.

"Na san ta," ta ce. "Ba sunanta nake tambaya ba. Me take yi a kan bargon Baba?"

"Shi muka samu a kusa," in ji Kalilu, yana kallon ƙasa.

Ta ɗauke ido daga kansa.

Ta juya kan mijinta. Tun aurensu ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, yanzun ma ba ta ɗaga ba.

"Malam, akwatin mene ne a hannunka?"

Kafin ya buɗe baki Kalilu ya riga shi. Ya ce ta tambaye shi da kyau, ai shi ne makaniki, shi ya taɓa motar, shi ya yanke abin da ya yanke, da bai yi aikin banza ba da yanzu Baba yana gadon asibiti ana kai masa kunu.

Ɗantala ya tsaya yana kallonsa kamar yau ya fara ganinsa. Jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ni za ka ɗora wa?"

"Wa ya ɗaura hancin? Ni?"

"Wa ya sayo shi? Wa ya yi ta bina har gida?"

Daga nan suka manta da ita. Kowa yana ƙoƙarin wanke kansa, kowa yana tona ɗan'uwansa, ita kuma tana tsaye tana tsintar gaskiya a bakinsu kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Akwatin nan shi ne iyakilinan da motar ta zo da shi daga kamfani, ta cikinsa take shaƙar iska. Yana can sama, dab da murfin gaba, da matatar takarda a ciki mai tare yashi. Ɗantala ya rantse cewa da a ce akwatin nan yana bakin aikinsa, sai ruwa ya shanye fitilun motar kafin ya kai gare shi. Suka cire matatar, suka yanke bututunsa ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa, suka bar akwatin a mazauninsa, fanko. Duk ma'aikacin da ya ɗaga murfi a iyaka, na duwan ne, wato kwastan ɗin Nijar, ko na kwastan ɗinmu, zai ga komai daidai yadda Bature ya ƙera. Ciki kuwa ƙwaya ce a danne.

Mota kuma dole ta yi numfashi. Shi ne suka kawo hancin Maraɗi, ɗan ƙaramin abu mai raga kamar rariya, suka ɓoye shi can ƙasa bayan tayar gaba, tsakaninsa da ƙasa bai wuce taƙi ba. Fiton da samari ke barin shayi su fito saurare, kukan wannan hancin ne yana zuƙar iska da yashin hanya gaba ɗaya. Duk surutun da Kalilu ke yi a tasha na cewa ya ƙara wa mota gudu, don kada a tambayi dalilin canjin murya ne.

"Gudu ta ƙara," in ji Kalilu. "Kai ma ka shaida."

Ɗantala ya ce, "Ta ƙara ƙara dai. Na ce maka turbo ba ya son yashi, zai cinye fankar. Ka ce in ta lalace ka sayi wata. Na ce maka hancin nan a ƙasa yake, kada ka shiga ruwa da ita ko na kwata ne. Na faɗa ko ban faɗa ba?"

"Ka ce ruwa mai yawa."

"Na ce ruwa. Inji ba ya shan ruwa, Kalilu. Kurɓa ɗaya ta yi ta sandare."

Kalilu ya ce da aikin na ƙwarai ne da an sa wa hancin wata kariya. Ɗantala ya ce kariyar da Allah ya hore ita ce akwatin kamfani, shi kuma sun mai da shi rumbu. Suka ci gaba, wannan ya ce na kamfani, wannan ya ce na Maraɗi, kamar suna tasha gaban mai shayi, kamar ba a kan gawar mutum suke magana ba.

Tsahara ta bar su sai da suka gaji. Sannan ta yi tambayar da tun ɗazu take cin ranta.

"To me ya kai mu ruwan?"

Ta dubi ƙanenta.

"Kalilu, ka ce kwalbati ya karye."

Ya sa hannu yana sosa ƙeya.

Ba ta buƙaci amsarsa ba. A tsaye a wurin ta tuna mutanen Katsina da suka yi ta zuwa gaisuwa tun ranar jana'iza, mota bayan mota, da takalmansu tsaf babu taɓo. Ba wanda ya ce hanya ta ɓaci. Ba wanda ya ce ya sha zagaye. Baƙin ciki ne ya rufe mata ido har ba ta lura ba.

Ɗantala ne ya faɗa, murya ƙasa-ƙasa, yana kallon taya. Babu abin da ya sami kwalbati. 'Yan sintiri ne suka kafa shinge wajen Daddara a makon, suna buɗe gaban motoci suna kwance abin da suka ga dama. Kalilu bai sami sukunin sauke kaya ba aka kira shi. Ya ji tsoron bi ta gabansu.

"Da mara lafiya a mota?" ta ce wa Kalilu. "Wa zai tsayar da kai da mutum yana mutuwa a baya?"

"Ba ki san su ba, Yaya."

"Ka gwada?"

Bai gwada ba.

Ta dafa jikin motar, ta kuma janye hannun da sauri kamar ta taɓa kashi. Ta tuna yadda ruwa ya riƙa shigowa ta ƙarƙashin ƙofa yana jiƙa mata zane. Ta tuna Baba ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Mun iso?" ta ce masa, "Mun kusa, Baba." Maganar ƙarshe ke nan da ta shiga tsakaninsu, kuma ƙarya ce aka sa ta yi.

Sai wani abu kuma ya faɗo mata.

"Da motar ta mutu na ce ka ruga ƙauye ka nemo mutane. Ba ka tafi ba. Ka ɗaga murfin gaba ka daɗe a ciki. Ina ta kiranka. Na ɗauka gyara kake." Ta matso kusa da shi. "Me kake dubawa?"

Kalilu ya ɗauke kai.

"Dube ni. Injin kake dubawa ko kayanka?"

"Ruwa ya fara shiga ta inda aka yanke," ya ce a hankali. "Toshewa na tsaya yi. Kayan ba nawa ba ne ni kaɗai, Yaya, masu shi ba su san uzuri ba."

Ta juya gefe ta yi amai, kunun da ta sha da safe duk ya dawo. Ɗantala ya ɗauko buta ya nufo ta.

"Kada ka taɓa ni."

Ya tsaya da butar a hannu. Ya fara magana da irin muryar da yake lallashinta da ita in sun saɓa. Ya ce shi bai san Kalilu zai bar kwalta ba, sai da aka kira shi jan mota ya gane. Ya ce ya yi shiru ne don kada ya ƙara mata ciwo a kan ciwo. Ya ce abin da ya shiga tun farko don gidansu ya shiga, don ita da yara, zamani ya canza, kowa yana hawa, shi kaɗai zai zauna yana wanke fulogi har tsufa?

Tana jinsa tana kallon hannayensa, farin ƙullun ƙwaya ya cika ƙarƙashin faratansa. Da hannayen nan ya taya wanke Baba. Da su ya kama makara, yana kuka har mutane suna cewa Malam Sule ya yi dacen suruki. Ta dubi atamfar da ke jikinta, wadda ya kawo mata da sallah ta yi ta nuna wa ƙawaye, ta ji kamar tsutsotsi ke yawo a fatarta.

Kalilu ya ga ta yi shiru, ya ɗauka ta sauko.

"Yaya, kwana ne ya ƙare. Ko a jirgin sama aka sa Baba, in lokaci ya yi ya yi. Ke ma kin sani."

"Na sani," ta ce. "Allah ne ya karɓi ransa. Amma ba Allah ne ya ce maka kwalbati ya karye ba."

Ta sunkuya ta kama gefen bargon ta fizge.

Ƙwayoyin suka watse, wasu a yashi, wasu a cikin taɓon baƙin mai, wasu a inda ta yi amai. Abin da ta gani daga nan ya fi duk abin da ta ji muni. Kalilu bai ko dube ta ba. Ya zube a kan gwiwoyinsa da farar rigar makokin, yana rarrafe, yana tsinta da hannu biyu, yana hure musu ƙasa yana cusawa a aljihu. Har na cikin aman bai bari ba.

Ta dubi bargon a hannunta. Ya yi dabbare-dabbare, warin Baba na turare da goro ya tafi, sai ɗacin nan. Ta sake shi ya faɗi. Ta fita ta inda ta shigo, Ɗantala yana kiranta a baya ba ta waiwaya ba.

Hanyar gida ta yi mata tsawo. Masu tallar rake da 'yan canji suna yi mata gaisuwar rashi, tana amsawa da ka. Abu ɗaya ke ranta, ta isa wurin Inna. Inna ce ta zauna da Baba tun yana tallar gishiri a kan jaki. Inna za ta san abin yi.

Ta sami ɗakin da mata. Ta roƙi Gwaggo Mariyamu, ƙanwar mahaifinsu, ta ɗan ja su waje, ta ce akwai maganar da za ta yi da Inna. Da suka fita ta saki labule ta durƙusa.

Inna Delu tana zaune a kan tabarma cikin kayan takaba, carbi a hannu. Ba ta kiran sunan Tsahara, 'yar fari ce.

"Ke, ina bargon?"

Tsahara ta faɗa mata komai, tun daga ƙofar kwano har rarrafen Kalilu. Ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Tana magana tana jiran inda tsohuwar za ta yi salati, ko ta fashe da kuka, ko ta dafe ƙirji.

Carbin bai tsaya ba.

Da ta gama, Inna ta leƙa wajen labule, ta dawo da idonta kanta.

"Wa kika hwaɗa ma wa?"

"Babu kowa."

"To ya tsaya nan."

Tsahara ta ɗago kai.

"Inna, kin ji abin da na ce kuwa?"

"Na ji. Na riga ki ji. Ranar da aka rufe Malam ya zo nan inda kike, ya kama ƙahwata ya yi kuka. Yaro ne, ya yi kuskure."

"Kin sani."

"Mi kike so in yi? In kai shi da hannuna? Na rasa miji, sai in rasa ɗa, ke ki rasa uban ɗiyanki? Wanda ya tahi ya tahi."

Tsahara ta tambaye ta ƙwayar fa, ita ma ranar ta ji? Inna ba ta amsa kai tsaye ba. Ta ce uwa ba ta rasa sanin inda ɗanta ke samun abinci, ta yi masa faɗa ba sau ɗaya ba, ya ce daga wannan zuwan ya daina. Ta ce wa ya yi rufin kwanon ɗakin nan da suke ciki, wa ya kai Malam Makka. Ta ce duk gidan da ka gani a rufe da abin da ya rufe.

"Ɗan Hajjo fa?" in ji Tsahara. "Jiya ta zo ta yini nan tana taya ki kuka. Kin ba ta goro."

"Kalilu bai buɗe bakin kowa ya zuba mishi ba."

Tsahara ta daɗe tana kallon matar da ta haife ta. Fuskar ita ce, zanen fuskar shi ne, amma ji take kamar ta shigo ɗakin baƙuwa. Ɗacin garejin ya dawo mata a harshe, alhali nan babu ƙwaya ko ɗaya.

Ta miƙe ta gyara mayafi.

"Ina za ki?"

"Waje. Ɗakin ya yi mini ƙunci."

Inna ta ajiye carbin a karon farko.

"Saurara nan. In kika buɗe baki a kan ɗan'uwanki, ban yafe miki nonon da kika sha ba. Duniya da lahira."

Maganar ta dake ta har sai da ta dafa bango. Duk abin da aka yi mata yau babu wanda ya kai wannan nauyi, kuma Inna ta san haka, shi ya sa ta ajiye shi sai ƙarshe. Tsahara ta ɗaga labule ta fita, ta ratsa matan da ke tsakar gida suna tankaɗe, ta wuce zaure. Ita kanta ba ta san inda za ta ba.

A ƙofar gida maza suna zaune a tabarmi ƙarƙashin rumfa. Kalilu ya riga ya dawo. Ya sake riga, ya wanke fuska, ya zauna a tsakiya kansa a sunkuye kamar maraya na gaske. Ɗantala yana gefensa yana haki, ana gani an san da gudu ya zo. A damansu wani dattijo ne cikin kaki, hularsa a kan gwiwa. Malam Abdu ne, babban jami'in kwastan na shingen Magama, wanda ya daɗe yana sallah sahu ɗaya da marigayi. Ya ɗan dafa kafaɗar Kalilu yana ba shi haƙuri, yana cewa mota ƙarfe ce, ba ta da amana, kada ya ɗora wa kansa.

Tsahara ta ja mayafi ta rusuna za ta wuce ta gefe. Dattijon ya gane ta.

"Babbar 'yar Malam ce ko? Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. An ce a hannunki ya cika."

"A hannuna, ranka ya daɗe."

"Allah ya yi miki albarka. Mahaifinku mutumin kirki ne. In akwai abin da za mu iya yi muku, kada ku ji nauyi, ku faɗa."

Magana ce irin ta zaman makoki, wadda ake amsawa da godiya a wuce. Kalilu ya ɗago ido ya dube ta. Ɗantala ya girgiza mata kai kaɗan, yadda ba wanda zai lura. Daga cikin zaure ta ji takun da ta sani tun tana goye, Inna ta taso daga tabarmar takaba ta biyo ta har bakin ƙofa.

Tsahara ba ta miƙe daga rusunon ba. Ta gyara, ta durƙusa sosai a gaban dattijon, gwiwa biyu a ƙasa.

"Akwai, ranka ya daɗe," ta ce.